Baba Saje da Motarsa Mai Shan Mai

Ina kwance a ƙarƙashin wata motar haya da safe, ina fama da notin da ya ƙi kwancewa, sai na ga ƙafafun mace sun tsaya kusa da tayar gaba. Hannatu ce, 'yar autar Baba Saje Ishaku. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba halinta ba ne. Ta ce, "Yaya Tanko, fito. Baba ya tafi." Na fito da sufana a hannu, na tambaye ta ina kuma ya nufa, domin na saba jin ya ɗauki mota ya shiga wani ƙauye ba tare da ya gaya wa kowa ba. Sai da na dubi idanunta sannan na gane irin tafiyar da take nufi.

Ba zan ɓoye wa 'yan'uwa masu makoki ba, abin da ya fara taso mini a ƙirji haushi ne, hawaye daga baya suka zo. Ba a daɗe ba da ya zo garejina ƙafafunsa a kumbure har takalmi ya ƙi shiga, yana numfashi kamar wanda ya hau dutse da buhu a ka. Na ce masa, "Baba, mu je asibiti yanzu, ni zan tuƙa." Ya ce gishiri ne ya yi yawa a miyar Mama Rifkatu, matarsa, kuma ya riga ya yi mata magana. Haka Baba yake. Duk abin da ya lalace, ya riga ya san dalilinsa tun kafin a duba, kuma idan ya faɗa, ko duwatsun Zuru sun fi shi sauƙin matsawa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon soja ne. Manyan motoci ya tuƙa a aikin soja har ya yi ritaya da igiyar saje, ya dawo gida Zuru ya sayi tsohuwar a-kori-kura fara, irin mai kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, yana kwaso wa manoma dawa da masara da shinkafa daga Wasagu da Kanya zuwa kasuwa. Abokin mahaifina ne tun suna samari, tare suka yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Da mahaifina ya rasu, shi ya kama hannuna ya kai ni koyon kanikanci. Wannan alherin bai taɓa yi mini gorinsa a gaban mutane ba, amma a gaban inji kullum sai ya tuna mini. Yakan ce, "Ni na kai ka ka koya, saboda haka duk abin da ka sani reshe ne na abin da na sani."

Abin da nake so in ba da labarinsa shi ne rigimar da muka yi a kan shan man motar nan, domin a cikinta na ga halinsa gaba ɗaya, da mai daɗin da mai ban haushin.

Bayan man fetur ya yi tashin gwauron zabo, wata rana ya shigo gareji ya tsaya, bai ko kashe inji ba. Ya ce, "Tanko, motar nan ta zama mashayiya. Man da a da yakan kai ni Wasagu ya dawo da ni gida, yanzu kafin in wuce Ribah a hanyar dawowa ya ƙare. Kafireta ce. Ka buɗe ta ka hura ka mayar, ina sauri."

Na ce, "Baba, shan mai kamar zazzaɓi ne, ba cuta ɗaya ke kawo shi ba. Sai an bi ta daki-daki."

Ya ce, "Bi ta yadda ka ga dama, a kafireta za ka ƙare."

Na fara da matatar iska. Na same ta cunkushe da ƙaiƙayin dawa, an kuma naɗe ta da tsohuwar safar soja, wai don kada ƙura ta shiga. Injin da bai samu iska ba, mai yake ja ya cika gurbin. Na kwance fulogai, dukansu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, alamar mai ya fi iska yawa. Na duba cok, ɗan murfin nan da ke rage iska idan za a tayar da mota da sanyin safiya, na tarar wayarsa ta tsinke, Baba ya ɗaure shi da ƙarfen rataye kaya, rabinsa a rufe. Na nuna masa, ina jin na kama ɓarawo. Ya leƙa ya ce, "Ɗaurin nan ya girmi aurenka. Da shi take zuwa Wasagu ta dawo a da." Abin da ya fi ba ni haushi, a wannan karon yana da gaskiya. Duk da haka na gyara komai, na wanke kafiretar da yake ta magana a kai, na daidaita ta har injin ya koma yana magana a hankali.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo, salansar motar na fitar da baƙin hayaƙi. Na duba, an murɗa sukurun da na daidaita. Na ce, "Baba, wa ya taɓa nan?" Ya ce shi ne, domin kukan injin bai yi masa daɗi ba, ya yi laushi kamar na mara lafiya. Na sake daidaitawa, na ɗiga jan fenti a kan sukurun don in gane idan an taɓa. Da ya sake dawowa, ga fenti a wurin, amma fari. Ya murɗa, ya nemi jan fenti bai samu ba, ya sa wanda yake da shi.

Daga nan na koma ƙasan mota. Tayoyinsa duka iska ta yi kaɗan, ya ce da gangan ne, saboda mota ta fi jin daɗin gargada idan ƙafarta da laushi. Na taɓa wilin baya na hagu bayan ya dawo daga hanya, sai da na janye hannu saboda zafi. Birki ne ya maƙale, motar tana jan ƙafa ɗaya tun ban san yaushe ba. Na gyara. Shan man ya ragu kaɗan, amma bai kai yadda ya kamata ba. Duk lokacin da muka yi cacar baki irin wannan, washegari sai matata ta wayi gari da kaza ko damin rake a ƙofar gida, da saƙo cewa, "Ki ba shi ya ci, ko kansa zai buɗe." Ban taɓa jin kalmar na gode daga bakinsa ba. Kajin da na ci kuwa ba su ƙirguwa.

A tsakanin nan ne rashin tsaro ya tsananta a ƙauyukan da ke wajen Kanya, mutane suka fara tattara abin da za su iya ɗauka suna gudowa. Direbobi da yawa suka daina bin hanyar, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Baba bai daina ba. Da na yi masa magana, ya ce, "Idan aka ce maka hanya ba ta biyuwa, ka fara tambaya ko akwai mutane a ƙarshenta." Wata rana da la'asar wayata ta yi ƙara. Muryarsa ce, a natse kamar mai tambayar farashin albasa. Ya ce, "Tanko, ka kawo mini galan ɗaya na mai. Ina kan hanyar Ribah. Kada ka gaya wa Mama."

Na hau babur da jarka a baya. Na same su a inda babu gida kusa, daji ta ko'ina, rana ta fara yin ja. Matar wani abokinsa na soja da ya rasu ya je ɗaukowa, ya haɗo da maƙwabtanta duka. Mata na zaune a kan ƙunshin kaya, akuyoyi a ɗaure, yara sun yi tsit irin shirun da yaro ba ya yi sai ya ga tsoro a fuskar uwarsa. Wata tsohuwa tana addu'a a hankali da C'lela, harshen mutanen Zuru, idonta a kan daji. Shi kuwa Baba ya buɗe bonet, ya ciro kafireta yana hura ta da baki. Na ce, "Baba, tanki ne babu komai a cikinsa! Me za ka huro daga ciki?" Ya ce da na gyara ta yadda ya gaya mini tun farko, da ba mu zo nan ba. Na mayar da ita, na zuba mai, matan suka sauko suka tura. Allah ya kawo mu gida lafiya.

Washegari da safe Mama Rifkatu ta zo gareji da kanta, ita da ba ta taɓa taka wurin ba. Labari ya riga ya kai mata. Ta ƙi zama. Ta ce, "Tanko, kai ɗana ne, saboda haka zan gaya maka kai tsaye. Ko ka gyara motar nan, ko ka kashe ta yadda ba za ta sake tashi ba. Na jira mutumin nan shekara da shekaru yana wajen yaƙi. Ban yi wannan jiran don wata gwangwani ta bar mini shi a daji ba." Na ce mata kashe motar ba zai hana shi ba, da ƙafa zai tafi. Ta ce, "Na sani. To gyara ta."

Na rufe gareji ran kasuwar Ribah, na ce zan bi shi in ga yadda yake tuƙi. A ranar na ga abin da ya kusa sa ni barin sana'a. Sitatar motar ta yi rauni, saboda haka idan ya tayar da ita da safe ba ya kashe ta. Kuma Baba ba ya wuce mutum. Ya tsaya ya gaida maƙeri, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara, inji na ta aiki. Ya tsaya ya gaida limamin wani ƙauye, suka yi ta raha a kan wanda ya fi tsufa, inji na ta aiki. Duk macen da ya gani da kaya a ka sai ya taka birki, har motar ta zauna a kan tayoyinta na baya. Ga ƙafarsa ba ta sauka daga kan kuloci, ga shi ba ya son sa babbar giya, wai ta masu gaggawar mutuwa ce.

Na ce, "Baba, ko dai ka kashe inji idan za ka yi gaisuwa, ko ka rage gaisuwar."

Ya dube ni kamar na zagi kakansa. Ya ce, "Gaisuwa ba ta shan mai."

Na ce, "Wallahi tana sha, Baba. A gabana take sha."

Ya ce, "To ta sha. Man da aka ƙona a kan mutum ba a yi asararsa ba."

Amma ni na san halin nan nasa tsoho ne, da shi yake tuƙi tun ina koyon aiki, ba shi ne sabon ciwon ba. A hanyar dawowa sai na yi abin da ya kamata in yi tun tuni da ya bar ni na yi aikina. Na cire tiyon da ke kawo mai, na ɗaure galan a saman mota, na jawo wani tiyo daga galan kai tsaye zuwa kafireta, ba ruwanmu da tanki, ba ruwanmu da famfon mai. Muka taho. Man ya yi auki ƙwarai, har Baba ya riƙa leƙen galan ta taga yana zargin na ƙara a ɓoye. Wannan ya wanke kafireta sarai. Ɓarnar tana tsakanin tanki da ita. Na bi tiyo taku-taku, na shafa ƙasan tanki, na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai. Ko ɗigo babu. Mai yana fita daga tanki, ba ya isa inda aka aike shi, kuma ba ya zuba a ƙasa. Na rasa inda zan sa kaina.

Ni da Baba muka je shagon Malam Umaru, mutumin Argungu mai sayar da kayan gyaran mota, don in sayi sabon tiyo ko da na banza ne. Abokin wasan Baba ne. Ya fara tsokanarsa cewa lokaci ya yi da zai sayar da motar ga masu awon ƙarfe. Baba ya harzuƙa ya ce, "Motar da ko baƙin mai ba ta sha? Naku kullum ƙari kuke yi. Nawa ƙaruwa yake yi da kansa. Albarka ce."

Malam Umaru ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Mi kac ce, Saje? Baƙin mai ai ba ya haihuwa. Wagga albarka taka a bincike ta."

Ban tsaya jin sauran ba, na fita da gudu na buɗe bonet. Baba bai taɓa yarda wani ya taɓa masa gejin baƙin mai ba. Yakan ce wannan aikin direba ne, haka aka koya musu a soja, shi ke dubawa, shi ke juyewa. Ranar ban nemi izini ba. Na zaro gejin, man ya wuce alama nesa, ya tsinke kamar ruwa. Na kai hanci, warin fetur ya buge ni. A jikin injin irin waɗannan motoci akwai famfon da ke zuƙo mai daga tanki, a cikinsa akwai 'yar roba mai faɗi. Idan ta yage, fetur sai ya riƙa tsiyaya cikin baƙin mai a ɓoye. Nan man Baba yake tafiya. Da an ƙara ɗan lokaci, da injin ya buga, ko kuma wuta ta tashi da mutane a baya.

Na ce, "Baba, tun yaushe yake ƙaruwa?"

Ya ce tun wajen girbin bara.

Na ce, "Kuma ina ta wahala, ina kwance wannan ina ɗaura wancan, ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Ka tambaye ni abin da ya lalace ne. Wannan ai ba lalacewa ba ce."

Na tambaye shi ina yake kai rarar. Ya ce yakan tsiyaye ta ya raba wa maƙwabta su shafa wa azara saboda gara, har ɗakin girkin Mama an shafa. Na zauna a kan tayar da ke ƙofar shagon na riƙe kai. Malam Umaru ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ɗauko famfo ya miƙo mini.

Na canja famfo, na zubar da gurɓataccen man na zuba sabo, na gyara sitata ba tare da na nemi shawararsa ba. Motar ta dawo hayyacinta. Ta je Wasagu ta dawo da ragowar mai a tanki. Na jira in ji me zai ce. Ya zagaya ta, ya bubbuga bonet, ya ce, "Na gaya maka tun farko. Famfo ai maƙwabcin kafireta ne." Kuma man da aka samu sauƙinsa bai zauna a tanki ba. Sai ya ƙara hanya, ya fara zuwa har Dirin Daji, wai akwai manoman da ba su da mai ɗaukar musu kaya. Mama Rifkatu ta aiko mini cewa ba irin wannan gyaran ta nema ba.

Ranar jana'iza majami'a ba ta ɗauke mu ba. Na ga fuskokin da ban sani ba, mutanen Kanya da Wasagu, wasu a kan babur uku-uku, wasu sun taso da ƙafa. Malam Umaru ya rufe shago ya zo da 'yan'uwansa Musulmi, suka tsaya a rana har aka gama. Bayan an binne shi, wani dattijo daga wani ƙauye ya ja ni gefe. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya tambaya a kunyace ko akwai wanda zai riƙa zuwa musu bana, domin dawa ta kusa nuna kuma ba wata motar da ke shiga wurinsu. Na ce masa zan bincika. Har yanzu ban sami mai zuwa ba.

Allah ya ji ƙan Baba Saje Ishaku, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutawa bayan doguwar hanya. Allah ya ƙarfafa Mama Rifkatu, ya share mata hawaye, ya zama mata abokin zama a gidan da ya yi shiru. Allah ya riƙe Hannatu da yayyenta da jikoki, ya haɗa kansu, ya ba su zuciyar mahaifinsu, ya rage musu taurin kansa. Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zuru da ƙauyukanta, ya mayar da waɗanda suka gudu gonakinsu, ya tayar musu da wani mai zuwa inda ba a zuwa. Ya Ubangiji, ga bawanka nan ya zo gare ka. Mai yiwuwa ya yi maka gardama a bakin ƙofa. Mu mun yi haƙuri da shi iya ƙarfinmu, kuma ƙarfinmu kaɗan ne. Kai ne mai haƙurin da ba ya ƙarewa. Ka karɓe shi. Amin.